Ranar da Na Ci Tuwo a Gaban Surukina

A Damagaram aka haife ni, aka kawo ni Madina ina amarya, a unguwar Ƙiblatain kuma na tsufa. Larabci ya shige mini baki ban gayyace shi ba, shinkafar mutanen nan ta zama abincin gidana, har na kai in ina ciniki a rumfunan Uhudu masu kayan ne ke roƙon in sassauta musu. Abubuwan da na taho da su daga gida duk sun tsufa ko sun ɓace, ban da kunya. Ita kam na riƙe ta gam. 'Yata ta fari ta girma, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, ban taɓa faɗin sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in ina ba wani labarinta in ce "yarinyar nan", kuma kowa ya san wadda nake nufi.

Bayan rasuwar mahaifinsu muka rage mu uku, ni da ita da ƙanenta mai aiki a matatar mai ta Yanbu. Shi ne ya zo wata Alhamis, ya ci ya ƙoshi, ya yi ta juya kofin shayi a hannu, sannan ya ce akwai wani abokinsa da yake neman auren yayarsa.

"Ɗan gidan wa?" na tambaye shi.

"Ummi, ba shi da kowa a nan. Daga Jamhuriyar Dominikan yake."

Na ce ko wajen Chadi take. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce tsibiri ne a tsakiyar teku can kusa da Amurka, ƙasar rake, mutanenta da yawa baƙaƙe ne kamar mu, Sifaniyanci suke ji. Mutumin ya daɗe da musulunta, a masallacin unguwarsu suka saba, yanzu yana koya wa 'ya'yan injiniyoyin ƙasashen waje wani wasa a Yanbu. Na ce to kafin nan mece ce sana'arsa? Ya ce jifa.

Ni jifan da na sani shi ne na Mina, wanda ake yi don lada. Ban taɓa jin an ɗauki ƙato guda ana ba shi albashi don ya yi jifa ba. Sai ɗana ya zauna ya yi mini bayani. Wasan sunansa besbol. Mutum ɗaya ne zai tsaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili riƙe da ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemo, wani kuma yana jiransa da sanda. Aikin mai jifa shi ne ya wurga ta ta wuce mai sandan bai taɓa ta ba. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, amma a ƙasarsu duk yaron da Allah ya ba hannu, gidansu gaba ɗaya a kan hannun nan yake dogara.

Sauran labarin a hankali na tsince shi, wani daga bakin ɗana, wani daga bakin 'yata bayan an yi auren. A ƙauyen masu saran rake ya tashi. Da marfin kwalba suka fara wasan, abokinsa yana duka da sandar tsintsiya. Gemu bai fito masa ba masu neman 'yan wasa suka ɗauke shi, suka kai shi wani sansani suna ciyar da shi suna auna ƙarfin jifansa. Daga nan aka tura shi Amurka, ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, kullum a cikin bas daga wannan gari zuwa wancan, bai jin yaren mutanen, abinci ma da yatsa yake nunawa. Sau ɗaya ya taka babban filin da kowa ke mafarki, bai daɗe ba jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Likitoci suka ciro wata daga ƙafarsa suka dasa masa. Ya warke ya koma, amma jifan ya rage zafi. Sai ya shiga yawon ƙasashe, yau Meziko, gobe Taiwan, duk inda za a ba shi riga, har hannun ya ce ya gaji.

Takardun auren sun wahalar da mu, amma an ɗaura. Suka zauna a Yanbu, suna zuwa mini ranar Juma'a.

Zuwansu na farko ina zaune a falo, na ɗauka zai tsaya daga bakin ƙofa ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya koma majalisin maza. Haka mijina ya yi wa uwata har ta koma ga Allah. Ai kuwa sai na ga dogon mutum ya shigo kai tsaye, hannuwa a buɗe, yana ta murmushi, ya nufo kaina zai sumbata yadda ya ga Larabawan nan suna yi wa surukansu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a madafa ina haki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan na bar masa a falo.

'Yata ta biyo ni tana cewa, "Ya Ummi, haram alaiki! Muharraminki ne fa yanzu, ɗanki ne."

Na ce na sani, ba sai ta koya mini addini ba. Halal daban, kunya daban. Ta fita tana gunaguni da Larabci, irin na yaran da aka haifa a nan, waɗanda kake musu Hausa suna mayar maka da wani yaren.

Daga ranar na tsara zamana da shi yadda ya kamata. In na ji motarsu na shige ɗaki. Gaisuwa ta bayan labule. Abinci in shirya shi a tire in ba ɗana ko 'yata su kai, ni kuma sai sun tafi nake ci, ko in ci a tsaye a madafa. Sunansa kuwa ko a zuci ba na faɗa, "mutumin naku" nake cewa. Shi kuma bawan Allah har gaisuwar Hausa ya koya saboda ni. Ya tsaya a bayan labule ya ce, "Ina wuni, Ummi," da wata irin murya mai lanƙwasa, in ce "Lafiya lau" a gajarce, in yi shiru har sai na ji takunsa ya yi nisa.

Wallahi ina son yaron nan. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna. Ta gefen labule nake leƙensa. Na ga yadda yake ɗaukar tukunyar gas da hannun hagu shi kaɗai ya hau da ita bene. Na ga yadda yake gyara wa 'yata takalmi a bakin ƙofa. Na kuma lura hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai, ba ya kuma lanƙwashewa sosai, kullum yana rataye a ɗan karkace. Sai na haɗa masa man shafawa, man zaitun da habbatus sauda da citta, irin wanda nake yi wa mahaifinsu da ciwon gwiwa ya kama shi. Na ɗura a kwalba na ba 'yata, na ce ta riƙa shafa wa mutumin nasu, kuma in ta kuskura ta ce daga wurina yake ban yafe ba. In ya ƙare ta dawo da kwalbar in sake cikawa. Naman da ya fi kyau a tukunya nasa ne. A ganina duk wanda ke da ido ya san matsayinsa a gidan.

Da 'yata ta samu ciki na shiga shiri ba tare da na ce wa kowa komai ba. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yinta, a nan za a yi wankan jego, a nan za a sha kunun kanwa. Na sayi ƙatuwar tukunya ta dafa ruwa. Na sa wata mai zuwa daga Nijar ta taho mini da kanwa ungurnu da yajin jego. Na fitar da keken ɗinkina daga ƙaramin ɗaki na sa aka yi masa fenti. Ban haifi 'ya mace ba sai ita, wannan wankan shi kaɗai nake jira a sauran rayuwata.

Cikin ya tsufa sai ga ta ita kaɗai a tsakiyar mako, da rana tsaka. Ta zauna a bakin gadona ta ce sun yanke shawara, za su tafi ƙasarsu ta haihu a wurin uwarsa. Yana neman aiki a can. In ya samu, zama za su yi.

Na ce, "Ke, a gidan uban wa aka taɓa yin haka? Uwarki na raye ki haye teku ki haihu a hannun wata?"

"Shi ya ce ba zai kawo ɗansa gidan da ba a son ubansa ba."

"Wa ya ce ba a son sa?"

"Ke kika ce, Ummi. Kullum kina faɗa."

Na fara faɗa. Na lissafa mata nama, na lissafa mata man shafawa, na ce ko makaho ya shafa ya ji. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in saurara ta ba ni labarin wata jaka.

Ta ce yana da wata tsohuwar jakar wasa, doguwa, wadda ya yi yawon duniya da ita. Tun da suka yi aure tana ƙarƙashin gado a naɗe. Kwanan nan ta ga ya fito da ita ya kakkaɓe, ya sa 'yan kaya a ciki, ya ajiye a bayan ƙofa. Da ta matsa masa sai ya gaya mata yadda ake sallamar ɗan wasa. Ya ce ba a taɓa faɗa maka kai tsaye. Da farko mai horarwa zai daina yi maka wasa. Sannan in kun haɗu a hanya ya kalli wani wajen. Mai raba riguna ya miƙo maka taka bai ɗago kai ba. A daina kiran sunanka, a koma cewa "wancan". Kuma a lokacin ne ake fi kyautata maka, a ba ka abinci mai kyau, don kowa ya sani sai kai. Rannan sai wani ya dafa kafaɗarka ya ce shugaba yana son ganinka, kai kaɗai.

"Ya ce an yi masa haka a ƙasa huɗu ko biyar, ya san fuskar," in ji ta. "Ya ce uwarki ta riga ta sallame ni, kirki ne kawai ya hana ta faɗa."

Na ce ba ta yi masa bayanin al'adarmu ba? Ta ce ta yi har bakinta ya gaji. Ya ce haka matar kirki za ta faɗa don ta kwantar wa mijinta da hankali. Ya ce shi a ƙasarsu uwar matarka ita ce ke fara rungume ka, ta zuba maka abinci ta zauna tana kallon bakinka, in ba ka ƙara ba ta yi fushi.

Na rasa inda zan sa fuskata. Duk abin da nake yi don in girmama yaron nan, shi ne daidai abin da aka yi ta yi masa kafin a kore shi. Kunyar da na sani mai daɗi ce, tana sa mutum ya ji shi ɗan gidan mutunci ne. Wannan kuwa wata iri ce, mai zafi, har cikin kunnuwana nake jin ta.

"To ki ce masa na ce ba haka ba ne."

"La, Ummi. Khalas, saƙo ya ƙare. Ki faɗa masa da bakinki, kina kallonsa."

Da ta ce in tafi Makka a ƙafa da ya fi mini sauƙi. Na yi kwanaki ina jujjuya abin. In na tuna uwata, wadda ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban mijina ba, sai in ce ba zan iya ba. In na leƙa ƙaramin ɗakin nan na ga tukunya da ƙullin kanwa, sai in ce dole.

Ranar Juma'a na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa miyar kuɓewa ɗanya. Sai da na gama na gane wautata. Duk abincin duniya in rasa wanda zan ci a gaban suruki sai mai yauƙi! Amma lokaci ya ƙure, an sauko daga masallaci, na ji motarsu a ƙasa. Na shimfiɗa ledar cin abinci a ɗakina, na ajiye kwano ɗaya a tsakiya. Na kira ɗana na ce ya je ya ce wa mutumin nasu ina son ganinsa a ɗaki, shi kaɗai, don ba zan iya yin abin nan a gaban 'ya'yana ba. Ban tuna da labarin jakar ba sai da na hango ta gefen labule ɗana ya dafa masa kafaɗa yana yi masa raɗa. Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya miƙe a hankali ya gyara rigarsa.

Ya yi sallama ya shigo, ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwa a baya, kai a sunkuye. Ni ma kaina a sunkuye. Muka yi ta kallon leda mu biyu. Duk Larabcin da na tara shekara da shekaru ya gudu ya bar ni.

Shi ya fara magana, da Larabcinsa na makaranta, a natse, kamar abin da ya haddace. Ya ce, "Ummi, ba sai kin wahalar da kanki ba, na gane. Na gode da damar da kika ba ni. Na yi iya ƙoƙarina. Ba na riƙe da kowa a zuciya."

Ashe jawabin da ya saba yi wa shugabannin ƙungiya ne yake yi mini, a ɗakina, a kan tuwona. Na ji hawaye na neman zubo mini, na haushi da na kunya a haɗe. Sai na yi abin da na shirya. Na jawo kwanon wanke hannu na wanke. Na gutsuri tuwo na dangwali miya. Sannan na ɗaga kai na dube shi.

Ranar na fara ganin fuskar surukina sosai. Ashe yana da furfura a gefen kunne. Ashe idanunsa irin na mutumin da bai cika samun barci ba ne. Ina kallonsa na kai lomar baki. Miyar ta yi abin da na ji tsoro, ta ja zare daga yatsuna har haɓata. Na haɗiye lomar. Shi kuwa yana tsaye yana kallona, bai san abin da yake gani ba. A wurinsa tsohuwa ce kawai take cin tuwo.

Na goge haɓata da gefen mayafi na ce, "Ya waladi, ɗana, uwata ta mutu mijina bai taɓa ganin ta tana tauna ba. Kakata ma haka. A wurinmu surukin da ake ganin girmansa shi ake ɓuyar wa. Ni ce ta farko a zuriyarmu da ta yi abin da ka gani yanzu, kuma ji nake kamar a kasuwa aka tuɓe mini mayafi. Kada ka bar ni ina ci ni kaɗai. Zauna."

Sai na kira sunansa. Na san ban faɗe shi daidai ba, harshena bai saba da shi ba, amma ya ji.

Ya zauna. Ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, a nan na ga tabon, dogo, a cikin gwiwar hannun dama. Ya gutsuri tuwo, amma hannun bai kai bakinsa sai ya sunkuyo da kai ya tarye shi. Haka yake ci kullum, ni ban sani ba, tunda ban taɓa zama na gani ba.

Na ce, "Man nan yana yi maka amfani kuwa, ko in ƙara citta?"

Ya tsaya da loma a hannu. "Wane mai?"

"Na kwalba. Wanda take shafa maka."

Ya dube ni, ya dubi tabon, ya sake dubana. "Ke ce?"

Na ce to da wa? Ya ajiye lomar a gefen kwano, ya rufe fuskarsa da hannun hagu, kafaɗunsa suka shiga rawa. Ƙato guda yana kuka a ɗakina, ni kuma ga miya a mayafi. Da ya natsa ya matso ya sumbaci kaina. Jikina duka ya ce in gudu madafa, na dafe leda da hannu biyu na zauna har ya gama.

Labari bai kwana ba ya zaga matan unguwa, don 'yata ba ta iya riƙe magana sai in an ce mata ba a yafe ba. Wata tsohuwa 'yar garinmu ta tare ni a wurin wani suna ta ce ta ji na zama Balarabiya, har da suruki nake haɗa kwano. Na ji kunya ƙwarai, ban kuma yi mata musu ba. Har yau in zan ci a gabansa sai na ɗan juya gefe, kuma ban sake yin miyar kuɓewa ranar Juma'a ba.

Da watan haihuwa ya kama ya kawo ta da kansa. Kayanta da na jariri a cikin doguwar jakar nan ya zubo su, ya hau bene da ita a hannun hagu. A ƙaramin ɗakin ta yi jegonta, na dafa ruwa a tukunyata, na dama kununa. Da za su koma Yanbu da jikana, sai na ga an kwashe kaya a wasu akwatuna an bar jakar a saman kabad ɗina, babu komai a ciki. Na bi su har bakin bene ina cewa sun yi mantuwa. Ya juyo da yaron a kafaɗa ya ce in ajiye ta a nan, shi ba shi da inda za shi.